Sha-Taɓo Ta Kwanta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yau bai sauka ba, tsohon direban motar katako yana sanar da direbobi da duk wanda ya taɓa kafewa a hanyar daji cewa igiyarsa ta jan mota, wadda aka fi sani da Sha-Taɓo, ta kwanta dama ranar Asabar da hantsi, tana da shekara talatin da ɗaya.

Marigayiya ba ta da kyau, wannan gaskiya ne. Baƙa ce, mai kaurin damtse, mai warin laka da baƙin mai. Amma ba ta taɓa tambayar motar wa ce ta kafe ba. Ta ja motar asibiti da mai naƙuda a ciki. Ta taɓa jawo saniya daga rami, kuma tsohon ya rantse saniyar ta waiwayo ta dube ta. Tana magana in ana aiki: "kirrr" idan ja ya yi daidai, "ƙat, ƙat" idan direba ya cika gaggawa. Tsohon kaɗai ke jin yarenta. Tun da ya ajiye tuƙi, saboda ita ake buga masa ƙofa. A ce, "Baba, mun kafe," ya sauke ta daga ƙusa, a zaunar da shi gaban mota kamar likita.

Ajalinta ya zo ne a mota sabuwa fil, mai fitilu shida a ka, da shebur ɗaure a gefe wanda ko takardar kanti ba a ɓare masa ba. Mai motar mijin autar tsohon ne, ma'aikacin ofis. Shi da abokansa ranar hutu suke shiga daji musamman don neman taɓo, abin da masu hankali suka ƙare rayuwa suna kauce wa. A goshin motar akwai inji mai naɗe igiyar ƙarfe. Ranar da surukin ya fara ganin marigayiya cewa ya yi, "Baba, wannan ai sai shanya."

Sai dai igiyar injinsa gajera ce, itatuwa kuma ba sa matsowa don mutum ya sayi mota. Dole ya zo aron marigayiya don ya yi ƙari. Tsohon ya haɗa masa da ƙanenta, wani guntun icce mai santsi, tsawon taƙi. Ya ce, "In ka ɗaura ta a itace, ka soka wannan cikin ƙullin. In an gama ja ka zare shi, ƙulli zai saki da kansa."

"Na gane, Baba," in ji suruki, yana danna wayar hannu.

Ya kafe, kamar yadda ya je nema. Ya kankare takalminsa da guntun iccen, ya cilla shi daji. Ya ƙulla, ya ja. Marigayiya ta fitar da shi, don ba ta riƙo. Amma ƙullin ya daskare kamar dutse. Maza huɗu, kowa da digirinsa, suka sa farce, suka sa haƙori, daga ƙarshe suka sa wuƙa. Har hoto suka ɗauka. Aka dawo da gangar jikinta a buhu, wuyanta na can zagaye da itacen.

Ta bar jak ɗin ɗaga mota mai tari, da falankai biyu, da ƙusa a bangon zaure wadda tsohon ke wuni yana kallo. Uwargida ta ce, "Malam, ba ni ragowar in yi shanya mana." An hana. Suruki ya kawo wata igiya rawaya a leda, wai ta fi ƙarfi. An ja ta an saurara, ko tari ba ta yi ba, bebiya ce. Sau biyu aka yi ruwa tun Asabar, babu wanda ya buga ƙofa.

Za a binne ta ranar Laraba da safe a gindin itacen, don a haɗa ta da wuyanta. Wanda ya tsinci ƙanenta ya taho da shi. Suruki ne zai haƙa ramin da sheburinsa, ko shebur ɗin ya san ɗanɗanon ƙasa. Masu zuwa da mota su ajiye ta a bakin kwalta su taka da ƙafa, domin wanda ya kafe a ranar, mai fitar da shi ce ake binnewa.