Langar da Na Kai Asibiti

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai bayan gidana gwaji asibitin Rano ba. Ni mutum ne mai yawan damuwa. Ko tari na yi sai na fara tunanin wasiyya.

Ɗan kawuna, Alhaji Sani, ya yi ritaya a Kano. Shi ya ce mini mutanen birni masu hali, da sun haura hamsin, suna zuwa a duba musu hanji tun kafin ciwon daji ya yi ƙarfi. Mu kuwa a ƙauyenmu Durba, duk jinin da muka gani sunansa basir, sai jiƙo. Ni kuma na ɗan ga jini. Barci ya ƙaurace mini.

A asibiti aka ba ni 'yar kwalba kamar ta turare, aka ce gobe in kawo kaɗan a ciki. Da na koma gida na yi ta juya ta. Idan cutar ba ta cikin ɗan abin da na ɗiba fa? Sai na sayi sabuwar langa mai murfi (don kada a ce na raina likita), na cika aiki, na ɗaure ta da ƙyalle mai tsabta.

Ina shiga harabar asibitin sai ga surukata, Hajiya Inna, a tabarma da mata, suna jinyar ƙanwarta. Na tuɓe takalmi na durƙusa.

"Ah, Malam, har ka ji? Har da ɗawainiya?" Ta miƙo hannu ta karɓe langar.

Shekara da shekaru ban taɓa haɗa ido da ita ba, balle in yi mata musu.

"Da ɗuminta ma," in ji wata tsohuwa. "Ku miƙo cokali."

Hajiya ta fara kwance ƙullin. Na ce, "Hajiya, ba na ci ba ne."

"Na sha ne?"

"Na... likita ne. An riga an ci."

Sai tsohuwar nan ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. Hajiya ta ajiye langar a hankali, ta nemi buta. Kaina a ƙasa na yi bayani duka, har jinin. Sai ta ce, "Ni ma ina ganinsa tun bara. Ba wanda ya taɓa ce mana ana dubawa."

Nawa dai basir ne, alhamdu lillahi. Hajiya kuwa da ta yi nata gwajin sai da aka tura ta Kano, likita ya ce an yi sa'a ta zo da wuri, abin bai yi ƙarfi ba.

Abin da na koya: idan ma'aikacin asibiti ya ce kaɗan, to kaɗan ɗin yake nufi. Yanzu kuma ko tuwo na kai gidan surukai, sai an tambaye ni kafin a buɗe.