Rasuwar Wayar Shagon Ɗinkinmu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, ni mai shagon ɗinki, a madadin Goggo da ƙanwata amarya, ina sanar da rasuwar tsohuwar wayarmu, wadda ta cika da hantsi a kan teburin yanka, tana jone da caji.

Marigayiyar ta zo mana tun zamanin da ake zaɓar ɗinki a takardun da muke mannawa a bango, waɗanda rana takan koɗar. Ƙanwata ce ta saka mata wasan nan na yi wa 'yartsana ado. A taɓa riga ta hau jikinta, a taɓa takalmi ta juya ta ce "Mwah!", in kala ta dace wayar ta yi "tiriring". Daga nan sana'armu ta sauya. Mata suka daina cewa "ki yi min irin na wance", suka koma dangwala allo suna cewa "wannan hannun, da wancan wuyan". Mun sha fama wajen fahimtar da su cewa 'yartsanar ba ta da tumbi.

Goggo, wadda da farko ta kira wasan shiriritar marasa aikin yi, ita ta zama babbar aminiyarta. Takan gyara tabarau ta ce, "Miƙo min yarinyar nan, an bar ta da jan takalmi a kan koriyar riga, kamar ba ta da iyaye."

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta sha faɗuwa ƙarƙashin keken ɗinki, ta sha zafin dutsen guga, ba ta taɓa kai ƙara ba. Ciwon ajalinta kumburin batir ne, har bayanta ya ɗaga muka ɗaure da kyauro. Mai gyara ya duba ta, ya girgiza kai, ya ce mu kai ta gida.

Ta tafi da rigar auren ƙanwata, wadda aka haɗa a jikin 'yartsanar, ba wanda ya ɗauki hotonta. Amarya ta rantse hannun gajere ne, Goggo ta ce dogo ne, ita ta saka da yatsanta. Na bi maganar babba na yanka yadin. Har yanzu amarya ba ta gaishe mu.

Ta rasu ta bar caja guda mai sai an karkata, da murfi fasasshe, da abokan ciniki masu yawa da ba su san me suke so ba.

Gobe da safe za a kai gawar rumfar mai gyara, inda ta bar wasiyyar a ba mabukata lasifikarta. Ana karɓar gaisuwa a shago. Masu zuwa don Allah kada ku fito da wayoyinku a gaban Goggo, domin tana karɓa, kuma ba ta mayarwa sai caji ya ƙare.