Tausayin Albasa

Ba zan taɓa mantawa ba da kakar da na gama lakwal, wato makarantar boko, aka ɗauke ni tafinta wurin wani Anasara likitan shuka a Magariya, wanda muke kira Mushe. An kawo masa farar hoda ta kashe ƙwarin rumbu, yana son ya gane ko tana ɓata iri har haihuwa ta zo a karkace. Da albasa yake gwajin. Ya jera ta a bakin kwalabe, saiwoyin cikin ruwan da ya dama hodar. (Wannan daga baya na fahimta. A lokacin tsofaffi nake gani sun tsoma farin gemu suna alwala.)

To, a gidanmu ba a barin ruwa ya tsufa a randa. Da na ga na kwalaben ya yi duhu, tausayi ya kama ni. Kowace safiya kafin Mushe ya iso sai in zubar, in ɗauraye, in cika da na rijiya. Har waƙa nake yi musu.

Saiwoyi suka fito fes, Mushe ya ce hoda lafiya lau. Ni da bakina na roƙar wa Kawu Manzo na garin Dogo-Dogo gwangwanin farko. Ya barbaɗa a rumbun wakensa, cimar gidan har damina, ga matarsa da tsohon ciki.

Ranar kasuwa Kawu ya zo godiya, Mushe yana nuna masa kwalabe yana murna. Sai na gyara kallabi na ce da Faransanci, "Da hannuna a ciki, Mushe. Kullum ina sake musu ruwa."

Fuskarsa ta yi ja kamar barkono. Bai yi ihu ba. Ya yi magana, ya ce in fassara wa Kawu.

"Ɗiyata, me ya ce?"

"Kawu, ya ce a ƙone rumbun."

"Har waken?"

"Har waken."

"Wanda muka riga muka ci fa?"

Wannan ban mayar da ita Faransanci ba.

Aka sake gwaji, saiwoyi suka fito a kumbure, a murɗe. Shekarar, gidan Kawu da tafasa da dussa suka kai damina. Ranar suna na lalubi yatsun jaririn, Allah ya rufa asiri, cif suke. Kawu ya dube ni ya ce, "Ke mai shayar da albasa, shi ma wanke shi za ki yi?"

Tun daga nan, in tausayi ya taso mini, sai na fara tambaya ko an aike ni.