Turbo Ɗan Legas

Yayana Bulus ya ba ni motarsa in kai wa makaniki a Kakuri ya canja turbo, wato abin da ke hura wa inji iska don ƙarin ƙarfi. Ni da na haye fiziks da ƙyar a sakandare, na tsaya kamar injiniya na nuna turbo mafi girma.

"Anti, wannan akwai lag fa," in ji makanikin.

"Ai kayan Lag su ne orijinal. Saka kawai."

Ni Legas na ji, shi kuwa jinkirin da turbon ke yi kafin ya kama aiki yake nufi.

Da ya saka na kama hanya, a Barnawa na taka totur, shiru. Na danna har ƙasa ina zagin 'yan Legas, sai turbo ya farka. Motar ta zabura, ta wuce Keke biyu, ta shige tulin doyar wata 'yar kasuwa, Mama Rahila. Ba wanda ya ji rauni sai doya da bambar motar.

Da labari ya bazu, Bulus ya karɓe makullinsa. Yanzu ko Keke na tara, direba sai ya ce, "Anti Lag, mu iyakarmu Kakuri, ba ma zuwa Legas."