Sabon Inji, Tsohon Birki

Na yi imani cewa mai digirin kimiyya irina ba ya buƙatar shawara kan babur. Saboda haka na ɗora injin babur irin na malaman gona a gangar jikin tsohon babur ɗin marigayi mahaifina, gadona tilo. Birki kuwa ban taɓa shi ba.

A kan babur ɗin na nufi zaman makoki a garin Balan. Na taka birki, babur ya ƙi tsayawa, na ratsa masu gaisuwa na daki katanga. Gangar jikin ta rabe biyu.

Baffana ya ce, "Malam, gaisuwa ka zo, ko ƙara mana gawa?"

Har yau, ko a ƙafa na iso Balan, sai dattawa sun naɗe tabarminsu.