Noman Gonar Malam Buba

Da aka zaɓe ni shugaban ƙungiyar manoman Sanyinna, na dawo daga bita da aƙida guda: shugaba gaba yake shiga, ba ya waiwaye. Ranar gayyar sabuwar gonar ƙungiya na saɓa hauya na wuce kowa.

Sakatarenmu ya ce, "Ciyaman, dakata ka ji."

Na ce, "Aiki nika so, ba magana ba."

Na duƙa, gumi har cikin ido, ban ɗago ba sai azahar. Can na hango jama'ata ƙetaren hanya suna nome gonarmu. Wadda nake ciki ta maƙwabci ce, Malam Buba, yana zaune a inuwa yana sa mini albarka.

Har yau da damina ta faɗi sai ya aiko: "A gaya ma Ciyaman, haki ya taso."