Yadda Za Ka Rufe wa Ɗakinka Baki Ya Zama Situdiyo

Kai mai son naɗar waƙa a gida, ka zo wurin gwani. Bi matakan nan, ko tarin maƙwabci ba zai shiga waƙarka ba. Na gwada su a kan Nathaniel, mawaƙin coci a Kurmin Mashi, wanda ya yi wa ƙanwarsa Ruth alkawarin waƙar biki saura kwana huɗu.

1. Gwada tarbiyyar ɗakin
Tsaya a tsakiya ka tafa. In ya mayar maka, ba shi da kunya. Na Nathaniel sau uku ya amsa.

2. Nemo kiret ɗin ƙwai
Je wurin mai shayi, amma kada ka ambaci waƙa, zai ce a sa sunansa. Nathaniel ya ce wa Sanda mai shayi kiwon kaji zai fara. Sanda ya ce, "Yallaɓai, da kiret ake farawa kafin kaza?"

Liƙe bango kaf da kiret ɗin. Masana sun ce kiret ba ya tare ƙara. Masana ba su taɓa zaman gidan haya ba.

3. Toshe taga da katifa
Kai ka koma tabarma. Kusurwoyi kuma a cusa musu barguna, na Mama sun fi kauri. In ta tambaya, ka ce suna wurin wanki.

4. Kashe fanka
Makirufo na jin ta. Rufe ƙofa, ka rera da sauri kafin jiri ya ɗebe ka.

5. Lallaɓa mai markaɗe
Injin Harira mai markaɗe na jingine da bangon Nathaniel. Ya durƙusa ya ce, "Anti, minti biyar kawai."

Ta ce, "Saboda amarya, na ba ka uku."

Ta kashe injin kuwa, sai dai ba ta kashe bakinta ba. Ran biki aka sa waƙar, ana tsakiyar baitin da ya fi taɓa zuciya sai muryarta ta fito tar: "Mai waken nan ya zo ya ɗauka, ya fara tsami!"

Nathaniel ya nemi ƙofa. Ruth ta yi dariya har gwaggwaronta ya faɗi, ta sa aka maimaita sau biyar, Harira ta shiga fili aka yi mata liƙi.

Gargaɗi: kyankyasai, ciwon baya, da ranar da mai gida zai ga fentinsa, duk ba ruwana. In ka je nema na, ni kafinta ne.